Aron da Ba Ka San Ka Yi Ba

Ƙannena masu sha'awar ƙago duniyoyi, akwai wata rana da ke jiran kowannenku. Za ka shafe watanni kana zana taswira a bayan littafin makaranta, ka yanka ƙasashe, ka raɗa wa koguna suna, ka tsara sarakuna da tarihin gabar da ke tsakaninsu, har ka san abin da ake sayarwa a kasuwar kowane birni. Ran da ka tara abokai ka fara buɗe musu wannan duniya, kafin ka kai ƙarshen bayani wani zai ɗago kai ya ce, "Ai wannan irin na fim ɗin nan ne." Ka yi musu, ka ce ba ka kwaikwayi kowa ba, kuma gaskiya ka faɗa. In ka koma ka duba a natse, sai ka tarar shi ma gaskiya ya faɗa.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa: wani barde, wani matsafi, wani ɓarawo mai saurin hannu. Mutum ɗaya shi ne jagora. Shi ke riƙe da duniyar a kansa da cikin takardunsa, ya faɗi abin da ake gani da abin da ake ji, 'yan wasa su faɗi abin da za su yi, a jefa dayis irin na lido, har da mai fuska 20, a ga ko an dace. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni, Dungeons & Dragons, ya fito a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. A wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka aka buga shi, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Nauyin ƙago duniya a wuyan jagora yake, shi ya sa shi wannan damuwa ta fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Abin da ya same ka ba rashin gaskiya ba ne. Haka kan ɗan Adam yake aiki: yakan riƙe abu ya saki inda ya samo shi. Tatsuniyar da aka yi maka kana ƙarami, hoton da ka gani a bangon wani littafi, fim ɗin da ka kalla kana gyangyaɗi, duk suna nan kwance. Bayan shekaru ɗaya daga ciki ya taso, ba suna ba shaida, ka yi masa maraba a matsayin ɗan cikinka. A 1989 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Alan Brown da Dana Murphy, sun zaunar da mutane rukuni-rukuni suna ambaton sunayen abubuwa bi da bi, kamar wasanni ko kayan kiɗa, da sharaɗin kada a maimaita. Daga baya aka ce kowa ya tuno nasa, ya kuma kawo sababbi. Sai ga mutane suna ɗauko abin da wani ya faɗa ɗazun nan suna cewa nasu ne, da zuciya ɗaya, kuma sun fi ɗaukar na wanda ya yi magana dab da su. Ku riƙe wannan, yana da amfani a gaba.

Helen Keller, yarinyar nan Ba'amurkiya da ta rasa gani da ji tun ba ta cika shekara biyu ba, ta rubuta wani ɗan labari a 1891 tana da shekara 11, ta aika wa shugaban makarantar makafi ta Perkins da ke Boston a matsayin kyauta. Aka buga shi, aka yaba, sannan aka gano ya yi kama ƙwarai da wani labarin Margaret Canby, wanda bisa dukkan alamu an taɓa karanta mata shi a tafin hannu shekaru kaɗan kafin nan. Manya suka zaunar da ita suna yi mata tambayoyi kamar mai laifi a gaban alƙali. An wanke ta da ƙyar, amma tsoron bai sake ta ba. Ta faɗa da kanta cewa bayan haka ko wasiƙa take rubutawa sai ta riƙa shakkar ko kalmomin nata ne. Wannan tsoro nake yi muku gudu, domin ya kashe duniyoyi da yawa tun suna cikin littafin zane.

Ku dubi J. R. R. Tolkien, wanda kusan duk masu wannan harka ke ɗauke da bashinsa. A littafinsa The Hobbit na 1937, Bilbo ya sulale cikin kogon wani ƙaton maciji mai aman wuta ya saci kofi ɗaya daga tarin dukiyarsa, macijin ya farka ya fusata, ƙarshenta ya ƙone gari. Haka abin yake a cikin Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi da Tolkien ya yi shekaru yana koyarwa a Oxford. A 1938 wani mai karatu ya yi tambaya a kan haka a jaridar Observer. Tolkien ya amsa cewa waƙar na cikin tushen da ya fi daraja a wurinsa, amma ba ta cikin tunaninsa lokacin da yake rubuta wurin, satar ta taso ne daga tafiyar labarin. Sunayen wadannin littafin kuwa, har da sunan matsafin littafin, Gandalf, daga wani jerin sunaye a tsohuwar waƙar Iceland mai suna Völuspá ya kwaso su, yana sane. Littafi ɗaya, aro iri biyu, kuma ba wanda ya karanta shi ya ce ba Tolkien ba ne.

Shi kansa Dungeons & Dragons in ka kwance shi, kusan kowane yanki yana da mai shi. Matsafin da ke haddace ɗalasimai da safe, da zarar ya furta su sai su goge daga kansa, na Jack Vance ne, daga littafinsa The Dying Earth na 1950. Akwai ma wani mugun matsafi a wasan mai suna Vecna, haruffan sunan Vance ne aka juya. Dodon da in an sare shi naman ya sake tsirowa sai an haɗa da wuta, daga Three Hearts and Three Lions na Poul Anderson ya fito. Raba halittu tsakanin ɓangaren tsari da ɓangaren rikici, Anderson ne da Michael Moorcock. Wasu dodannin ma, ciki har da wanda ke sa ƙarfe tsatsa in ya taɓa shi, daga ledar kayan wasan yara na roba 'yan Hong Kong aka samo siffarsu. Abin da ya burge ni da Gygax shi ne a 1979, a ƙarshen littafin jagoran wasa, ya jera marubuta kusan 30 ya ce ga waɗanda suka shayar da wasan. Yau ana kiran jerin Appendix N, kuma ya zama manhajar karatu ga masu tasowa. Faɗin tushe bai rage masa komai ba.

Ta fuskar shari'a maganar gajeriya ce. In a ɗakinku kuke wasa, ba ruwan kowa da ku, ku ari abin da kuka ga dama. In za ka buga ka sayar, a nan ne za ka yi hattara, kuma rashin sani ba ya wanke mutum. A 1976 wani alƙali a New York ya yanke cewa George Harrison na ƙungiyar Beatles ya ɗauko karin waƙarsa My Sweet Lord daga He's So Fine ba da gangan ba, amma duk da haka ya taka haƙƙin mallaka. A 1977 masu riƙe da haƙƙin kasuwanci na littattafan Tolkien suka yi wa kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, barazanar kotu, dole a sunayen halittun wasan hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant. Abin da doka ta fi karewa shi ne kalmomin mutum da zanensa da sunayen da ya ƙaga. Ra'ayi tsura, kamar zoben tsafi ko makarantar matsafa, na kowa ne.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, tun da littafin da muka fi tinƙaho da shi da ƙasar wasu aka gina shi. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, bayan Rupert East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, aka fara buga shi a 1937. A ciki akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai na 'yan'uwan Grimm na Jamus, aku mai ba da labari don ya hana mutum fita kuwa tsohon salo ne na Indiya da Farisa. Manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ana muhawara a kan sunan da ya dace da aikin. A ganina da an jera tushen a ƙarshen littafin da ya fi. Amma wa ya taɓa karanta shi yana yaro ya ji ƙanshin Jamus? Fadar tamu ce, fadawan namu ne, ba'ar da wayon da rashin kunyar duk na gida ne. Maginin gargajiya in zai ta da ɗaki, sau da yawa ƙasar tsohon kango yake farfasawa ya jiƙa ya kwaɓa ya yi tubali, kuma ba mai shiga sabon soron ya ce na mamacin ne. In kuwa ya bar tsohon bangon a tsaye ya shafe shi da farar ƙasa kawai, tsagar da ke jikinsa tana nan, damina za ta tona ta.

To, wannan bangon da aka shafe shi ne abin tsoro, ba kofin Bilbo ba. Yawancinku idan aka ce aikinku ya yi kama da na wani, suna kuke canzawa. Elf ya koma wani suna mai wuyar faɗa, amma yana nan dogo, fari, mai tsawon rai, mai raina kowa, a cikin daji. A 1977 Terry Brooks ya fitar da The Sword of Shannara, masu sharhi suka riƙa ɗaukar mutanen ciki ɗai-ɗai suna nuna takwaran kowa a littafin Tolkien, duk da ba suna ɗaya da ya zo daidai. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, wannan kuma wata magana ce. Ƙashin bayan ne aka ara, kuma shi ne aron da mai shi ba ya gani, domin ya ɗauka haka duniya take. Mugun sarki can a ƙarshen taswira. Tsohuwar daula da ta rushe ta bar kangaye cike da zinariya. Maraya wanda aka yi bushara da zuwansa. Kowace halitta da halinta guda, wadanni masu rowa, orc masu ta'adi, ba wanda ya taɓa fita zakka. Sarki yana da dakaru dubbai amma ba a taɓa ganin mai karɓar haraji ba. Ka tambayi kanka wanne daga cikin waɗannan ka zaɓa, wanne kuma ka tarar a ɗakin.

Wani aron ma yana zuwa da kaya a ƙunshe. A tsoffin dokokin Dungeons & Dragons, jarumi yana ƙara girma ne gwargwadon zinariyar da ya kwaso. The Keep on the Borderlands, wanda Gygax ya rubuta a 1979 kuma ɗimbin mutane suka fara wasan da shi, sansani ne a bakin iyaka, a gaba kaɗan ga koguna cike da ƙabilun dodanni, har da matansu da 'ya'yansu, aikinka ka shiga ka kashe ka kwashe. Ni in na dube shi fim ɗin kaboyi nake gani sanye da sulke: masu wayewa a cikin ganuwa, 'yan ƙasa a waje, jininsu da dukiyarsu halal. Duk wanda ya ari wannan tsari ido rufe ya ari hukuncin da ke cikinsa. A 2022 kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan a yanzu, ya fitar da littattafan Spelljammer, a ciki akwai wata halitta mai kama da biri, hadozee, da aka ce wani matsafi ya kamo su ya ba su hankali don ya sayar da su bayi. Masu karatu suka ga abin da marubutan ba su gani ba, wato tsohon zanen cin mutuncin baƙar fata. Kamfanin ya ba da haƙuri ya cire wurin.

Kada ku ce wannan matsalar Turawa ce. Mu ma muna da abin da muka sha a nono game da maƙwabtanmu, da zuriyar bayi, da masu wasu sana'o'i, da mutanen kan dutse. In ka tashi ƙago ƙabilar miyagu a duniyarka, ka duba da kyau wace irin tsaga ka yi musu a fuska, wane irin lafazi kake yi in kana magana da bakinsu a tebur. Wataƙila wanda ke zaune kusa da kai ya gane kakarsa.

Maganin abin shi ne ka tsare duk abin da ka ara da tambaya: in da gaske haka yake, sai me zai biyo baya? A 2002 Wizards of the Coast ta yi gasar ƙago sabuwar duniya, aka turo shawarwari sama da 11,000, kowacce shafi ɗaya. Ta Keith Baker ce ta ci, aka buga ta a 2004 da sunan Eberron. Bai kori elf ko wada ko matsafi ba, duk suna ciki. Tambaya ɗaya ya bi: in tsafi abu ne da ake koya kuma ba ya saɓa alkawari, me zai hana a mai da shi masana'anta? Sai ga jirgin ƙasa mai tafiya da walƙiya, ga manyan gidaje da suka kankane harkar sufuri da magani da banki, ga sojojin da aka ƙera don yaƙin kusan shekara ɗari, yaƙi ya ƙare an 'yanta su, ba su san yadda za su yi da ransu ba. Dark Sun na 1991 shi kuma cewa ya yi tsafi yana zuƙe ran tsirrai, saboda haka duniyar ta zama hamada, ƙarfe ya yi wuya, ruwa ya fi zinariya, matsafi kuma abin jifa ne a kasuwa.

Mu gwada da abin da ke kusa da mu. Baƙo ya zo gari, ya kashe macijin da ya tare ruwa, ya auri sarauniya. Labarin Bayajida ne da rijiyar Kusugu a Daura, kuma irinsa yana nan a ƙasashe da yawa, ba wanda zai ce shi ya fara. Sa shi a tebur yadda yake, 'yan wasa za su san ƙarshensa tun kafin su zare takobi. Amma ka tsaya a kan abu ɗaya da labarin ya faɗa, cewa ranar Juma'a kaɗai ake ɗiban ruwa. Garin da ya rayu haka shekara da shekaru, waye attajirinsa? Mai manyan randuna. Magina tukwane sun zama masu faɗa a ji. Akwai mai tsara layi a bakin rijiya, kuma muƙamin nasa gado ne. Ran Laraba ruwa ya yi tsada, ran Alhamis ana sayar da akuya don tulu guda. Aure da suna da wankan gawa duk sun bi wannan lissafi. Yanzu kawo jarumanka. Wa zai yi murna in macijin ya mutu, wa kuma zai biya su don su bar shi da rai? Wa ke kai masa abinci da dare? Ba ka ƙara ko dodo ɗaya ba, ga wasan wata uku a hannunka, kuma ba wanda ya taɓa ganin sa a fim.

Irin waɗannan tambayoyi ba sa zuwa wa wanda abincinsa littattafan almara ne kaɗai. Mai karanta abin da kowa ke karantawa, abin da kowa ke mantawa shi ma zai manta, kuma shi zai taso masa. Ku karanta tarihi. Ku san yadda madugu ke tafiyar da ayari daga Kano zuwa Gwanja neman goro, da yadda ake biyan fito a hanya, da yadda raƙuman gishiri ke ratsa hamadar Tenere tsakanin Bilma da Agadas. Ku san bambancin aikin Galadima da na Madawaki, da abin da lifidi ke yi wa doki a filin daga, da dalilin rufe ƙofofin ganuwa da dare. Ku zauna da tsofaffin maharba da maƙera in kun samu. Wasu sun riga sun gwada gina wasa a kan Afirka, kamar Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na 2013, ku duba su ku ga inda suka dace da inda suka hango mu daga nesa. Sai dai sa wa barde rawani ba ya mai da shi namu in har gidan sarautar da yake wa aiki na Ingila ne. Abin da mutane ke bauta wa da gaske kuwa, namu da na wasu, ku bar shi a wajen tebur, ku ƙagi naku na almara.

Kada kuma neman sabon abu ya sa ku ƙi duk abin da aka sani. Wasan tebur ba littafi ba ne. Abokanka sun zo bayan aiki ko makaranta, awa uku gare su, ba za su haddace shafi hamsin na tarihin daulolinka ba. In ka ce musu ga wani tsohon matsafi a hasumiya, kowa ya gan shi nan take, an wuce wurin, sai ka kashe ƙarfinka a kan abu ɗaya ko biyu da suka bambanta duniyarka. Jagoran da ya canza komai, har sunan doki da na ruwan sama, shi kaɗai ke zaune a duniyarsa.

Mafi yawan abin da zai zama naku na kanku ma ba a ɗakinka zai fito ba, a tebur zai fito. A wasan Dave Arneson mai suna Blackmoor, a yankin Minneapolis, wani ɗan wasa ya riƙe wani mai shan jini da ake kira Sir Fang, ya yi ƙarfi ya gagari kowa. Don a yi maganinsa aka ƙago jarumi mai korar matattu masu yawo, aka ari siffarsa daga Van Helsing na finafinan Dracula. Daga wannan rigima ta abokai aka samu ɗaya daga cikin manyan rukunan jarumai na wasan, mai addu'a da warkarwa, wanda ake bugawa har yau. Haka zai faru a naku teburin. Ƙanwarka za ta tambayi abin da ba ka shirya ba, abokinka zai yi hasashen waye maci amanar, hasashen nasa ya fi abin da ka rubuta, ka yi shiru ka karɓe. Karɓa ba laifi. Amma ka tuna da mutanen Brown da Murphy. Ka ware shafi biyu a ƙarshen littafinka, ɗaya na littattafai da finafinan da ka gano sawunsu a duniyarka, kana ƙarawa duk lokacin da wani ya nuna maka sabo, ɗaya kuma na abin da aka faɗa a tebur da sunan wanda ya faɗa. Na biyun ka cike shi a daren, kafin ka kwanta, domin bayan wata guda kanka zai gaya maka kai ka ƙago shi, kuma za ka yarda.